Shekarar da Aka Bar Mana Maruƙa a Dangwali

Yanzu injin ban ruwa ne yake tashe ni da asuba. Kafin ladan ya gama kiran farko sai ka ji wani ya ja igiyar nasa can bakin kanal, babbar hanyar ruwan nan ta siminti, wani ya amsa masa daga ɗaya gefen, shi ke nan barci ya ƙare. Ba ƙorafi nake yi ba, don da shinkafar da injin nan yake shayarwa ake ci da ni, da ita kuma jikokina suke sayen wayoyin da suke dannawa har su manta ba su gaishe ni ba. Sai dai kunnena bai taɓa sabawa ba. Inda gonakin shinkafar nan suke a shimfiɗe tun daga bayan gidanmu har hanyar Bunkure, a da makiyaya ce, kuma abin da yake tashin mutum a lokacin shi ne kukan maruƙa suna kiran iyayensu.

Mu matan ruga, aikinmu na fari shi ne tatsa. Akwai doguwar igiya da ake kafewa a ƙasa a gefen garke, dangwali muke ce mata, a jikinta ake jera maruƙa a ɗaure su kwana, don kada su shanye nonon kafin gari ya waye. Da safe sai a kwance ɗaya, ya ruga wurin uwarsa, ya ɗan tsotsa har nono ya sauko, sannan a janye shi, ke kuma ki tsuguna da ƙwarya tsakanin gwiwoyinki. Har yau ina jin ƙarar nonon farko a busasshiyar ƙwarya, siririya, sai ta riƙa yin kauri tana nutsewa cikin kumfa. Hayaƙin da aka hura don korar ƙuda yana shiga ido, raɓa tana jiƙa bakin zane, shanu suna huci. Innata takan ce yarinyar da rana ta riga ta shiga garke, ranar ba ta da bakin magana a gida, kuma da gaske take, don ko tambaya ka yi ba za ta amsa maka ba sai azahar. Shanu na maza ne, amma nono na mata ne, babu namijin da ya isa ya tambayi inda aka kai shi. Mu kaɗa, mu cire mai, mu jera ƙore a ka mu nufi Kura ko Bunkure ranar kasuwa, mu dawo da gero da gishiri da ɗan abin kwalliya.

Abin da ya tono mini wannan duka, jikana ne ya dawo daga masallacin Juma'a kwanakin baya yana ta cika baki. Wai an tara malamai da ardo-ardo da manoma a kan satar shanun da ta addabi mutanen kudu da mu, wadda yanzu da babura da bindigogi ake yin ta, har mutane sun fara zargin maƙwabtansu. Ya ce, "Tsohuwa, an yi mitin, an kafa kwamiti, har da lasifika." Na ce madalla, Allah ya sa albarka, to wa aka ce ya shayar da maruƙan? Ya dube ni ya ce tsufa ya fara taɓa ni. Ban ji haushinsa ba, yaron da bai taɓa kwance maraƙi daga dangwali ba, ina zai san abin da nake nufi.

Lokacin ina amarya, ban daɗe da tarewa ba, ga cikin fari ina ta ɓoye shi don kunya. Kanal ɗin nan sabo ne, siminti fari tas, ruwan madatsar Tiga yana gudu a ciki tsakiyar rani, tsofaffi suna zuwa kallo suna salati. Da aka haƙa shi sai ya ratsa tsakanin rugar Baffana, wato mahaifina, da rugar gidan mijina, waɗanda a da ko tafiyar shan ruwa ba ta raba su. Aka bar gada guda ɗaya da shanu za su iya hayewa, ita kuma a bakin rugar Baffa take. Maigidana, wanda ban taɓa kiran sunansa ba kuma ba yau zan fara ba, mutum ne dogo mai shiru, idan ya yi magana uku a yini to ranar ya yi surutu. Yayana kuwa, Hamma, shi Allah ya ba bakin gidanmu gaba ɗaya. Ga ba'a, ga saurin fushi, ga hula a karkace kullum. Su biyun ba sa shiri sosai, kuma kwana kaɗan kafin abin ya faru sun yi cacar baki a mashaya a kan wanda zai fara shayar da garkensa.

Da bazara ne, zafi kamar a gasa mutum. Ƙannen maigidana biyu suka fita da shanu kamar kullum, aka bar ƙananan maruƙa a gida. La'asar ta yi, muka wanke ƙore muna jira. Rana ta yi ja, babu shanu babu labarinsu. Maruƙa suka fara kuka, don sun fi mu sanin lokaci. Kafin magariba maza suka bazama daji, suka tarar da samarin nan a ɗaure a gindin wata tsamiya, an duke su amma da ransu. Suka ce wasu mutane ne da fuskoki a naɗe suka faɗo musu da rana tsaka. Garke guda, tun na kakanni, ko saniya ɗaya ba a bari ba. Abin da ya rage mana a duniya shi ne maruƙan nan da ke jere a igiya.

Da gari ya waye aka bi sawu. A al'adarmu, idan an kori shanu aka bi sawunsu, duk inda sawun ya mutu, mutanen wurin ne za su fitar da shi, su nuna ta inda ya wuce ƙasarsu, in sun kasa to laifin yana wuyansu. Haka kakanni suka yi, kuma a zamaninsu daidai ne, don daji a buɗe yake, ɓarawo yana da hanya ɗari. Babu wanda ya tsaya ya tuna cewa yanzu kanal ya tsare gabas da yamma, duk saniyar da za ta bar yankin nan, ta halal ko ta sata, dole ta bi ta gadar nan. Sawu ya zo bakin gada ya shiga cikin na shanun Baffa da suke hayewa safe da yamma, bayan nan kuma titin burji ne da motocin aikin ruwa suke bi, ƙasa mai tauri da ba ta riƙe kofato. Baffa ya kasa fitar da sawu. Aka tambaya ina Hamma yake jiya, aka ce ya tafi kasuwa bai dawo ba sai dare. Shi kuma maimakon ya yi bayani a hankali, sai ya ce duk wanda ya haifu ya maimaita tambayar.

Ban taɓa ganin ruga ta yi shiru irin na kwanakin nan ba, in ka cire kukan maruƙa da ba ya tsayawa. Maza suka sauko da kwari da baka daga rataya, aka fito da takubban da ban ma san akwai su ba, ana wasa su a bayan bukka. Aka ce kada in sake in haye gada. Babu wanda ya zage ni, amma idan na shigo wuri sai magana ta mutu. Muka yi ta fama da maruƙa, mu dama kunu mai ruwa mu tsoma yatsa mu sa musu a baki, wasu su karɓa, wasu su kau da kai. Zawo ya kama su. Ƙaramin cikinsu, wani ja mai farin goshi, a cinyata ya mutu. Na yi kuka ranar, kowa ya ɗauka maraƙin nake yi wa, alhali ina kallon maigidana yana gwada tsirkiyar bakansa, na san kuma ƙirjin wa ake nufi da ita. Tsoro nake ji ƙwarai. Ina tunanin abin da zan gaya wa ɗan da ke cikina idan ya girma ya tambayi wa ya kashe kawunsa, ko wa ya kashe ubansa.

Limamin ƙauyen da muke zuwa Juma'a Bahaushe ne, manomin albasa, gajere mai ƙaton rawani, kuma duk yankin an san shi da abu ɗaya: tsoron shanu. Idan ya haɗu da garke a burtali, sauka yake daga kekensa ya hau kunyar gona ya tsaya yana karanta abin da ya sawwaƙa har su wuce. Mu 'yan mata mun sha yi masa dariya a ɓoye, Allah ya yafe mana. Shi ne ya shigo rugarmu da hantsi, daidai lokacin da maza suka taru a gindin gawo suna shirin hayewa. Ya jingine keke, ya yi sallama, bai ko dubi makaman ba. Dangwali ya nufa, ya tsaya daga nesa kaɗan yana kallon maruƙan da haƙarƙarinsu ya fito.

Ya ce, "Waɗannan tun yaushe rabon su da nono?"

Maigidana ya ce, "Allah gafarta Malam, tun ranar da aka kori iyayensu."

Liman ya ce, "Daga masallaci nake jiyo su. Jiya a sallar asuba sai da na rikice a karatu. To ni ban zo in ce muku wane ya yi ko wane bai yi ba, ban ga komai ba, albasata nake ban ruwa. Amma wanda ya sace iyayensu zai amsa tasa tambayar gaban Allah, ku kuma da kuka ɗaure su a igiya suna mutuwa da yunwa kuna wasa takobi, za ku amsa taku. Ina ne kusa da ake da shanun tatsa?"

Kowa ya san amsar, rugar Baffa ce. Wani dattijo ya ce, "Malam, gidan waɗanda suka cuce mu za mu je roƙon nono?" Liman ya ce shi ba roƙo ya ce a yi ba, shi zai je ya roƙa, ai roƙo sana'arsa ce, kullum sau biyar yake yi. Ya ce abu ɗaya yake nema a wurinsu, su ba shi ajiyar makaman nan da fushin da ke tare da su har ruwa ya sauka, ciyawa ta fito, maruƙa su iya ciyar da kansu. Ranar zai dawo musu da kayansu da hannunsa, in ya so su yi abin da suka ga za su iya kare shi ranar tsayuwa gaban Allah. Aka daɗe ana jan magana. Abin da ya karya su ba wa'azin ba ne kaɗai, kowa ya san idan maruƙan nan suka ƙare, gidan ya ƙare ke nan, ko an ci yaƙi ko ba a ci ba. Aka naɗe kwari da baka da takubba a tabarma, Liman ya ɗaure a bayan keke.

Ya ce in raka shi. A hanya yake ce mini, "'Yata, a gidanku wa ke da iko da nono?" Na ce Inna. Ya ce to shi ke nan, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Da muka isa Baffa ya tare shi da fuska a murtuke, ya ce mutanen da suka kira ɗansa ɓarawo ne zai shayar wa dabbobi? Inna tana bakin bukka tana kaɗa nono, ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Shanu naku ne, ku yi ta rigimarku a kansu. Nono nawa ne. Allah gafarta Malam, a kawo su." Baffa ya matsa gefe. Shekara da shekaru suna tare, ya san inda iyakarsa take.

Wanda bai yi kiwo ba zai ɗauka daga nan magana ta ƙare, a kai maraƙi a sa masa nono a baki. Saniya ba ta karɓar ɗan da ba nata ba. Tana shinshina shi sau ɗaya za ta kai masa ƙaho ko ta harbe shi. Dabarar da muka gada ita ce a shafa wa maraƙin nonon saniyar a baya, a barbaɗa gishiri a kai, a kawo shi tare da nata ɗan. Kwaɗayin gishiri zai sa ta lashe shi, in ta lasa yau ta lasa gobe, wata rana sai ta manta ba ita ta haife shi ba. Amma kafin ta manta ɗin, aikin maza biyu ne. Ɗaya zai ɗaure mata ƙafafun baya ya riƙe ta, kuma dole wanda ta sani ne, wato Hamma. Ɗaya zai rungumi maraƙin ya kai bakinsa ga hantsa, kuma dole wanda maraƙin ya sani ne, wato maigidana. Haka suka wayi gari kai da kai a ƙarƙashin saniya guda, gumin wannan yana ɗiga a hannun wancan, ba mai ce wa wani uffan. Ni ce a tsakiya da ƙoƙon gishiri. Idan Hamma yana son a matso da maraƙi sai ya ce mini, "Gaya wa mutumin naki ya matso," alhali kunnen mutumin nawa yana dab da bakinsa.

Safe da yamma haka aka yi ta yi. Wata baƙar saniya mai taurin kai ta harbi Hamma a ƙauri har ya yi kwanaki yana ɗingishi, amma ranar bai saki igiyar ba sai da maraƙar da ke ƙarƙashinta ta ƙoshi. Na ga maigidana ya dube shi, ya kau da kai. Liman kuwa kusan kullum sai ya zo, ya zauna can kan bakin gada inda ƙaho ba zai kai gare shi ba, yana jan carbi yana ba da shawarar da ba ta da amfani ko kaɗan. "Ku lallaɓa ta! Ku yi mata magana mai daɗi!" Ranar da baƙar nan ta fara lasar maraƙar da kanta, ya miƙe tsaye ya yi kabbara, ya ce to yanzu garken nan biyu sun sha nono ɗaya, shi dai bai san yadda za a yi a raba 'yan'uwan shayarwa ba. Wani ya ce Malam, wannan hukuncin ai na mutane ne. Ya ce ya sani, shi ma gwadawa yake ko za ta wuce. Har Baffa sai da ya yi dariya.

Duk tsawon lokacin nan Inna ba ta kai nono kasuwa ba, gidanmu tuwo ake ci da miyar kuka babu mai, ba ta kuma taɓa faɗa wa kowa ba. Liman ya yi magana a masallaci, manoman da muke faɗa da su a kan ɓarna suka riƙa aiko da harawa da dusa a kan jakuna. Yanzu harawa a buhu ake sayar da ita, kuma ban ga laifin kowa ba, zamani ne ya zo da haka, amma ina kewar lokacin da mutum zai sauke dami a ƙofar rugarka ya tafi ba tare da ya jira godiya ba.

Ruwa ya sauka, ƙasa ta yi kore, maruƙa suka yi ƙiba suna tsalle suna cin ciyawa. Ni kuma kullum gabana faɗuwa yake, don na san Liman ba ya saɓa alkawari. Da hantsi ya zo da tabarmar nan a bayan keke, mutanen rugagen biyu suna tsaye a bakin gada, ni ina gefe da ƙwaryar nono a ka. Ya kwance, ya shimfiɗa makaman a ƙasa, ya ce, "Ajiya kuka ba ni, ga ta, ko kibiya ɗaya ba ta ɓata ba. Shanunku ba su dawo ba, ɓarawo bai bayyana ba, ni ma ban san komai fiye da ranar farko ba. Sauran tsakaninku da Allah."

Babu wanda ya motsa. Sai maigidana ya tako, ya wuce tabarmar bai duba ba, ya sa hannu cikin riga ya zaro wuƙa daga ƙugunsa. Ashe ita bai taɓa ba da ita ajiya ba, duk safiyar da ya tsuguna kusa da Hamma tana jikinsa. Ya nufi inda Hamma yake tsaye. Na ji Inna ta yi salati. Ya sunkuya ya kamo maraƙar nan da baƙar saniya ta shayar, wadda ta fi duk sauran kyau, ya danne ta da gwiwa, ya tsaga mata kunne. Kowane gida da irin tsagar da yake yi wa shanunsa don a gane su, ita kuwa wannan ba ta gidansu ba ce, ta gidan Baffa ya yi. Mutumin da ba shi da komai a duniya sai 'yan maruƙan nan, ya cire mafi kyawunsu ya ba wanda aka ce shi ya sace shi. Ya ɗago ya ce, "Hamma, ga taka."

Hamma ya tsuguna ya duba kunnen, jini yana ɗiga. Ya daɗe yana dubawa. Sai ya ce, "Ka karkata ta. Mu ba haka muke yi ba. Kawo." Ya miƙa hannu, maigidana ya juya wuƙar ya ba shi ta ƙota, ya riƙe masa kan maraƙar, Hamma ya gyara tsagar. A nan na zauna daɓas a ƙasa, ƙwarya ta kife, nono ya bi ƙasa har bakin kanal. A ruga zubar da nono ba ƙaramin abu ba ne, amma ranar Inna ko harara ba ta yi mini ba.

Da aka kora maruƙa za a haye da su, shanun da suka shayar da su suka biyo baya suna kuka, Baffa ya ce a ƙyale su, su zauna can har su haihu. Daga su garkenmu ya sake tashi. Har yau ba mu san wanda ya kori shanun nan ba, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya sake tayar da maganar ba. Sun tsufa tare suna musu a kan komai, Hamma yana surutu, nawa yana gyaɗa kai. Da Hamma ya rasu, 'ya'yansa suna tsaye, maigidana ya ce su matsa, shi zai shiga kabarin ya karɓe shi. Ya kwantar da shi, ya fito ya zauna a bakin kabari, aka yi ta jiran ya tashi. Allah ya haskaka makwancinsu su duka, har da Liman, ya sa inda yake babu ƙaho kusa da shi.